Gobarar Heaven Hill ta 1996: Yadda Matatar Wuskin Iyalan Shapira Ta Ƙone, Kamfanin Kuma Ya Tsira

Ranar Alhamis, 7 ga Nuwamba 1996, da misalin ƙarfe biyu na rana, wuta ta tashi a ɗaya daga cikin rumbunan ajiya na kamfanin Heaven Hill da ke gefen garin Bardstown a jihar Kentaki ta Amurka. Kafin dare ta lashe rumbu bakwai daga cikin 44, da ganga kusan 90,000 na wuskin da ake kira burbon, ta kuma ƙone matatar kanta ƙurmus. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Kamfanin na gida guda ne, na iyalan Shapira, ba shi da wani uban gida mai manyan aljifai da zai ɗauke masa asara, kuma a daren nan ba shi da inda zai dafa ko da lita ɗaya. Duk da haka kayansa ba su yanke a kasuwa ba, har yau kuma yana hannun zuri'ar waɗanda suka kafa shi.

Ga akasarin masu karanta Hausa barasa ba abin sha ba ce, addini ya haramta ta. Abin da ake dubawa a nan shi ne tsarin wata sana'a da dukiyarta ke kwance shekaru a cikin katako, da yadda shimfiɗar wuri ta yanke abin da wuta za ta ci da wanda za ta bari.

Dalilin da ya sa ake tara ganguna

'Yan'uwa biyar na gidan Shapira, masu kantunan sayar da tufafi da kayan masarufi, su ne suka zuba kuɗi aka kafa kamfanin a 1935, shekara biyu bayan an janye dokar hana barasa da ta yi aiki a Amurka daga 1920 zuwa 1933. Su ba su san dahuwa ba. Wannan ɓangaren suka bar wa mutanen gidan Beam, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Joseph L. Beam ne ya fara, Earl Beam ya zo a 1946, ɗansa Parker Beam ya gaje shi a 1975, kuma shi ne babban madafi a ranar gobarar, tare da ɗansa Craig.

Dokar Amurka ta ɗaure burbon da sharuɗɗa. Dole masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka dafa. Ƙarfin barasar da ke fitowa daga tukunya kada ya wuce kashi 80, lokacin zubawa a ganga kada ya wuce kashi 62.5, a kwalba kuma kada ya gaza kashi 40. Gangar kuwa sai sabuwa, ta itacen ok, wadda aka babbake cikinta da wuta. Ba a ƙara launi ko ƙamshi. Wanda ke son rubuta a kwalbarsa cewa nasa tsantsa ne sai ya ajiye shi aƙalla shekara biyu, idan kuma bai kai huɗu ba dole ya faɗi shekarunsa a jikin takarda. Akwai wata tsohuwar doka ta 1897 da ta fi tsauri: dahuwar matata ɗaya, a zango ɗaya na shekara, ajiyar shekara huɗu a rumbun da gwamnati ke sa wa ido, a kuma zuba a kwalba da ƙarfin kashi 50 daidai.

Saboda haka abin da mai matata ya dafa yau ba zai ga kuɗinsa ba sai bayan shekara huɗu, ko takwas, ko goma sha biyu. Evan Williams, wanda shi ne kayan Heaven Hill mafi ciniki, yana bukatar shekara huɗu zuwa sama. Elijah Craig da aka fito da shi a 1986 a matsayin kaya mai tsada, shekara 12 aka rubuta a kwalbarsa a wancan lokaci. Kamfanin da ke sayar da irin wannan dole a kowace rana ya kasance yana riƙe da dahuwar shekaru goma sha biyu a jere. Injin matata ana iya sayo wani. Gangar da ta shekara goma kuwa ba a sayo mata shekaru.

Abin da ke faruwa a matata

Haɗin hatsin Heaven Hill na yau da kullum shi ne masara kashi 78, hatsin rai (wani dangin alkama da Turawa ke kira rye) kashi 10, tsiron sha'ir kashi 12. Ana niƙa kowanne daban. Masara ake fara dafawa, a zafin da ya kai digiri 100, domin sitacinta ba ya sakin jiki da sauƙi. Sai a rage zafi kafin a zuba hatsin rai, don in ya sha wuta da yawa yakan yi yauƙi da kumfa, ya kawo ɗanɗano mara daɗi. Tsiron sha'ir shi ne na ƙarshe, a wajen digiri 65. Sinadaran da ke cikinsa su ne ke juya sitaci ya zama sukari, kuma zafin da ya wuce haka yana kashe su. In aka yi gaggawar zuba tsiro, kunun ba zai ba da sukarin da ake tsammani ba, barasar da za a samu daga kowane buhu ta ragu.

A kan wannan kunun ake ƙara ruwan dusar da ya rage daga dahuwar baya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke cikin tanki. Ruwan mai tsami ne, yana hana ƙwayoyin da ba a so su yi ƙarfi, yana kuma sa dahuwar yau ta yi kama da ta jiya. Daga nan sai yisti. Cikin kwana uku zuwa biyar kunun ya zama giya mai ƙarfin kashi 8 zuwa 10. Ana tura ta, da dusarta duka, ta saman wata doguwar tukunya mai faranti-faranti masu huji, tururi yana shigowa ta ƙasa yana kwashe barasar zuwa sama. Abin da ya fito ana sake dafa shi a tukunya ta biyu. Jan ƙarfen da ke jikin tukwanen ba don ado aka sa shi ba, shi ke kama sinadaran farar wuta da kan sa barasa ta yi wari.

Ruwan da ke fitowa fari ne fes. Launi gaba ɗaya da mafi yawan ɗanɗano daga ganga suke zuwa. Ganga tana ɗaukar galan 53, wato kusan lita 200. Ana babbaka cikinta na daƙiƙa 35 zuwa 55 gwargwadon abin da mai matata ya nema. Gawayin da ya samu yana tace wasu sinadarai, a bayansa kuma akwai jan sashe inda sukarin itace ya narke. Da zafin bazara barasar takan buɗe ta shiga cikin katako, da sanyin hunturu ta tsuke ta fito, ta jawo zaƙi da launi.

Rumbun da aka gina don iska

Nan ne tushen matsalar. Rumbun gargajiya na Kentaki gini ne mai hawa kusan bakwai, ƙashinsa duka katako, an lulluɓe shi da kwano. A ciki an jera ganguna a kwance a kan maratayan katako, uku a bisa juna a kowane hawa, tsarin da Frederick Stitzel ya yi wa rajista a 1879. Manyansu suna ɗaukar ganga wajen 20,000. Ba a sanyaya shi, ba a ɗumama shi, da gangan. Ana so zafi da sanyi su riƙa shiga, shi ya sa ake da tagogi da yawa, ake kuma gina shi a kan tudu inda iska ke kaɗawa. A hawa na sama, inda zafi ya fi, ruwa ya fi saurin ficewa ta jikin katako, sai ƙarfin barasa ya ƙaru. A hawa na ƙasa, mai sanyi da laima, ƙarfin yakan tsaya ko ya ragu. Kowace shekara kashi uku zuwa biyar na abin da ke cikin ganga yana bin iska.

Wannan tururin da ke fita ba ya ɓacewa nan take. Yana cika rumbun, yana jiƙa katakon shekara da shekaru. Barasa mai ƙarfin kashi 60 tana ba da tururin da zai iya kama wuta tun daga zafin digiri 22 ko kusa da haka, wato zafin ɗaki na yau da kullum. Duk abin da ya sa rumbun ya zama wurin nuna wuski mai kyau, busasshen katako da tagogi da ramukan da iska ke bi daga ƙasa zuwa sama, shi ne kuma ya sa in wuta ta kama take hawa bene bakwai cikin mintuna.

Binciken da aka yi bai tabbatar da abin da ya tayar da wutar ba. Yadda ta yaɗu kuwa a fili yake. A ranar ana iska mai ƙarfi, tana haura kilomita 80 a sa'a, tana kwantar da harshen wuta zuwa rumbun da ke kusa, tana kai garwashi nesa. Zafin da ke fitowa daga gini guda ya isa ya kunna na maƙwabtaka ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Hanya ta uku ita ce ta fi muni. Da maratayan katako suka ƙone, ganguna suka riƙa faɗowa suna fashewa, barasa mai ci da wuta ta malalo waje ta bi gangare, kamar yadda fetur ke bin kwalbati idan tanka ta kife. In an lissafa ganga 90,000 a lita 200, ana maganar abin da ya doshi lita miliyan 18, a cire wanda ya riga ya bi iska a shekarun ajiya.

Matatar tana ƙasan tudun, kusa da rafi, domin dahuwa na bukatar ruwa mai yawa. Rumbuna suna sama domin iska. Kowane shawara a kan kansa daidai ne, tsofaffin matatun Kentaki da yawa haka aka shimfiɗa su. Haɗuwarsu ce ta zama kuskure: an ajiye miliyoyin litoci na abu mai kama wuta a saman ginin da ya fi kowane muhimmanci, babu shingen ƙasa ko rami a tsakani da zai tare shi. Wutar ta gangaro ta same shi a inda yake, ta ƙetare hanya, ta shiga rafin.

'Yan kwana-kwana ba su da dabarar kashe irin wannan. Barasa tana haɗuwa da ruwa, amma kafin ta daina ci sai an tsinka ta ƙwarai, kuma ruwan da ake fesawa yana ƙara yawan abin da ke malala ne kawai. Kumfar kashe gobara ta yau da kullum barasa tana narkar da ita, sai irin ta musamman. Don haka suka bar waɗanda suka kama su cinye kansu, suka mai da hankali kan jiƙa gine-ginen da wuta ba ta kai ba. Shawarar tana da ɗaci, amma ita ce ta dace.

Abin da ya rage washegari

Rumbu 37 suna nan da gangunansu. Sashen zubawa a kwalba bai ƙone ba, don haka aika kaya ga dillalai ya ci gaba. Akwai wata al'ada ta masu wannan sana'a da ta yi amfani a nan: ba a tara dahuwar shekara ɗaya a rumbu ɗaya, ana rarraba ta. Asalin dalilin na ɗanɗano ne, don kowane rumbu da kowane hawa yana nuna wuski ta hanyarsa, ana kuma gauraya su don kwalbar bana ta yi kama da ta bara. Amma rarrabawar tana nufin gobara ta ɗebi kaɗan daga shekaru da yawa, maimakon ta shafe shekara guda gaba ɗaya. Ta fuskar haraji ma akwai sauƙi: harajin tarayya, dala 13.50 a kan kowane galan mai ƙarfin kashi 50, sai an fitar da kaya daga rumbu ake biyansa.

Yistin gidan ma ya tsira, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Heaven Hill tana rainon irin yistinta ne, wanda mutanen gidan Beam suka zo da shi, ana sabunta shi daga tulu zuwa tulu ana ajiye shi a sanyi. Yisti ba barasa kawai yake yi ba, shi ke samar da yawancin sinadaran ƙamshin 'ya'yan itace da yaji da ke bambanta wuskin wata matata da na wata. Da an rasa shi, da an iya sayo wani a kasuwa a ci gaba da dahuwa, amma abin da zai fito bayan shekara huɗu ba zai yi daidai da abin da ke cikin rumbunan nan 37 ba, kuma da shi za a gauraya.

Hatsarin gaske ba ya cikin 1996. Yana cikin shekarun da ke tafe. Duk watan da aka yi ba a cika ganga ba, rami ne da zai bayyana a 2001 ga kaya mai shekara huɗu, a 2009 kuma ga mai shekara goma sha biyu. Gina sabuwar matata kuwa ba aikin wata uku ba ne.

Dahuwa a tukunyar maƙwabta

Kamfanonin Jim Beam da Brown-Forman, abokan gasarsu kai tsaye, suka buɗe musu matatunsu, aka riƙa dafa wa Heaven Hill da haɗin hatsinta da yistinta. Ana yawan ba da wannan labarin a matsayin shaidar zumuncin masu sana'ar a Kentaki, kuma zumuncin gaskiya ne, har da na jini: kakan Parker Beam ɗan'uwan Jim Beam ne, mutumin da kamfanin ke ɗauke da sunansa, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika ambata ba. Kasuwar burbon tana kwance a wancan zamani. Alƙaluman ƙungiyar masu matatu ta Kentaki sun nuna ganga wajen 455,000 kacal aka cika a duk jihar a 1999, idan aka kwatanta da miliyan 2.6 a 2021. Tukwanen maƙwabta suna zaman banza wani ɓangare na shekara, aikin haya kuma kuɗi ne a gare su. Da gobarar ta zo a shekarun da kowa ke dafawa dare da rana bai wadatar da masu saye ba, da samun gurbi ya yi wuya.

Dahuwar haya tana da iyakarta. Haɗin hatsi da yisti ana iya ɗauka a kai ko'ina. Tsayin tukunya, yawan farantanta, yawan jan ƙarfen da tururi ke gogawa, girman tankin ruɓarwa, yanayin niƙa da ruwan wurin, waɗannan ba a ɗaukarsu. Kowanne yana canza abin da ke fitowa kaɗan. Abin da ya taimaka shi ne gangunan sun koma rumbunan Heaven Hill ne suka nuna, a nan ne kuma mafi yawan ɗanɗano ke samuwa.

A 1999 kamfanin ya sayi matatar Bernheim da ke birnin Louisville daga hannun kamfanin Diageo. An gina ta a 1992, mai aiki da kwamfuta ce, an kuma tsara ta don wuskin wasu mutane. Parker da Craig Beam suka shiga aikin daidaita ta har farin ruwan da take fitarwa ya kusanci na tsohuwar matata. Cinikin ya zo da sunan Old Fitzgerald, burbon da ake sa alkama a madadin hatsin rai, wanda ya buɗe wa kamfanin wani reshe na kaya, har daga baya wani burbon mai alkama mai suna Larceny ya fito a 2012. Ya kuma zo da wani nauyi: dahuwa a Louisville, ajiya da kwalba a Bardstown, tafiyar kusan kilomita 65 da tankoki a tsakani.

Ana iya karanta wannan tarihin a jikin kwalabe. Wuskin da aka yi bisa dokar 1897 dole ya nuna lambar rajistar matatar da ta dafa shi. Ta tsohuwar matatar Bardstown ita ce DSP-KY-31, ta Bernheim DSP-KY-1. Kwalaben Rittenhouse, wuskin hatsin rai na Heaven Hill, sun yi shekaru suna ɗauke da DSP-KY-354, lambar wata matatar Brown-Forman, domin can aka ci gaba da dafa shi har bayan sayen Bernheim. Masu tara tsofaffin kwalabe suna biyan kuɗi mai yawa kan waɗanda aka dafa kafin gobara, suna cewa ɗanɗanonsu ya bambanta. Wani ɓangare na bambancin na tukunya ne, wani kuma na zamanin da kasuwa ke kwance ne, lokacin da ake zuba tsofaffin ganguna a kaya mai arha saboda babu mai saye.

Gobarorin da suka biyo baya

Rumbuna ba su daina ƙonewa ba. A Mayun 2000 wani rumbun kamfanin Wild Turkey mai ganga sama da 17,000 ya ƙone a Lawrenceburg, barasa ta shiga Kogin Kentaki, ƙwayoyin da ke cin ta suka zuƙe iskar da ke cikin ruwan, kifi sama da 200,000 suka mutu. A Yunin 2018 rabin wani rumbun matatar Barton 1792 ya rufta a Bardstown ba tare da wuta ba, sauran rabin ya bi bayansa cikin makonni biyu. A Yulin 2019 tsawa ta faɗa wa wani rumbun Jim Beam a gundumar Woodford, ganga wajen 45,000 suka tafi. A wannan karon an bar wutar ta ci da gangan, don barasar da ta ƙone ta fi wadda za ta gangara kogi sauƙin illa, duk da haka wata ta kai ruwan, kifi suka mutu.

Abin lura shi ne a gobarar 2000 da ta 2019 rumbu ɗaya-ɗaya ne ya tafi, ba bakwai da matata ba. Rumbunan da ake ginawa yanzu ana ba su tazara mai faɗi, ana kewaye su da shingen ƙasa da ramin da zai riƙe abin da ya malalo, ana sa musu maganin tsawa, da yawa kuma suna da bututun feshin ruwa a ciki. Feshin yana da amfani ne a mintunan farko kawai, kafin ganga ta fara fashewa. Shingen ƙasa shi ne mafi arha a cikinsu, shi ne kuma ke tare hanyar da wuta ta bi ta kai ga matatar Heaven Hill.

Ƙananan matatun gida-gida da suka yawaita a Amurka daga shekarun 2010 su ne suka fi zama a bakin wannan hatsari. Da yawansu rumbu ɗaya ko biyu ne da su, wasu ma tukunya da ganguna da ɗakin baƙi duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Heaven Hill ta rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na rumbunanta ta ci gaba da ciniki da sauran. Mai rumbu ɗaya in ya ƙone ya rasa kowace shekara ta dahuwarsa a lokaci guda, kuma kuɗin inshora, ko nawa ne, ba zai ba shi gangar da zai zuba a kwalba ba kafin wasu shekara huɗu. Shi ya sa masu lura a cikinsu ke hayar gurbi a rumbun wasu don raba ganguna wuri biyu, suke ajiye yistinsu a ɗakin gwaji na waje ban da na gida, suke kuma rubuta zafin dahuwa da lokutanta dalla-dalla yadda wata matata za ta iya bi.

Parker Beam ya rasu a Janairun 2017. A 2022 shugaban kamfanin, Max Shapira, ya miƙa tafiyar da kamfanin ta yau da kullum ga 'yarsa Kate Latts da mijinta Allan Latts, a shekarar ce kuma aka sanar da gina sabuwar matata a Bardstown, da kasafin farko na dala miliyan 135, don mai da dahuwa garin, sanarwar da ta zo shekara 26 bayan gobarar. Bernheim ta ci gaba da aiki, kamfanin ya zama yana da wurin dahuwa biyu a garuruwa biyu.